A Daura, Kowace Dabba da Mai Ita

Mai zuwa Daura daga nesa, galibi ɗayan abu uku ne ke kawo shi: ko ya leƙa rijiyar Kusugu, ko ya kai gaisuwa fada, ko kuma, tun daga watan Yulin 2025, ya je ziyara gidan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari inda aka binne shi. Ni zumunci ne ya kai ni. Wani abokina da muka yi karatu tare a Zariya ya daɗe yana yi mini gori, wai na san hanyar Abuja da ta Legas amma ban san ƙofar gidansa ba. Da gorin ya ishe ni, sai na ɗauki jaka a ƙarshen kaka, an gama girbin gero ana roron wake, na kama hanya.

Daga Kano tafiyar ba ta da wuya. Ka bi ta Dambatta, ka ratsa Kazaure ta Jihar Jigawa, ka faɗa Jihar Katsina, sai ga ka a Sandamu, daga nan kuwa ka iso. A wasu wurare akan ci karo da aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a farkon 2021, wanda kuma zai bi ta Daura. Amma ni harawa ce ta fi ɗaukar mini hankali. Ko'ina ka duba, ga ta nan dami-dami, an cusa ta tsakanin rassan itatuwa ko an jibge ta bisa rufin ɗaki, inda akuya ba za ta kai ba. Duk wanda ya ga yawan harawar nan ya san mutanen ƙasar ba cikinsu kaɗai suke yi wa noma ba.

A Kazaure wani yaro ya shigo motarmu rungume da kwali mai huji-huji. Zomaye ne guda biyu, kawunsa ya ba shi. Direba ya ce sai an biya musu kuɗin kaya. Kafin yaron ya buɗe baki fasinjoji sun taso wa direba, wata tsohuwa ta tambaye shi ko shi bai taɓa yin ƙuruciya ba. Haka aka tafi da zomaye kyauta.

Gidan abokina yana cikin tsohon gari, gida ne na gado. Daga zaure sai fili inda turken doki yake, sai shigifa, sannan tsakar gida. Mahaifiyarsa na fara gaisarwa. Na durƙusa a bakin ƙofarta, ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, sai yau? Ai mun ɗauka sai an yi rasuwa za mu gan ka.” Na ce, “Hajiya, a yi mini afuwa, hidima ce ta yi yawa.” Ta ce duk mai rai yana da hidima, ta sa aka kawo mini fura da nono a ƙwarya. Ban kai ga ajiye ludayi ba, sai ga autar abokina, 'yar shekara bakwai, wadda Hajiya ke kira kishiya, ta kama hannuna tana ja. “Baffa, zo ka ga akuyata.”

Yarinyar nan ce ta zagaya da ni gidan, kuma daga bakinta na fahimci yadda aka tsara shi. Babu dabbar da ake ce wa ta gida kawai. Jar akuyar da ke ɗaure gindin dalbejiya tata ce, ta kusa da ita ta yayarta ce. Tumakin biyu na mahaifiyarsu ne. Ragon uda, mai baƙin gaba da farin baya, na maigida ne, ana turka shi don layya. Kaji kuwa an raba su har da launi: ja ta wane, wake-wake ta wance. Zabi na Hajiya ne, tattabaru na babban yaro. Mage kaɗai ce ake gardama a kanta, domin kowa na cewa tasa ce in tana wasa, in ta yi ɓarna kuma sai a ce ta Hajiya ce.

Da dare Hajiya ta ba ni tarihin jar akuyar. Ranar sunan yarinyar ta ba ta kaza. Kazar ta yi ƙyanƙyasa, aka sayar da zakaru, aka tara kuɗin, aka cika aka sayi 'yar akuya. Yau wadda ke ɗaure jikanyar waccan ce. Ba a taɓa kuɗinta sai don yarinyar: takalmin Sallah, kuɗin Islamiyya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita. Hajiya ta ce in Allah ya kai rai, cikin zuriyar akuyar nan za a fitar da wani abu na kayan ɗakinta. Wata akuyar ma tana ƙauye wajen aminiyar Hajiya, tana kiwata, in ta haihu su raba 'ya'yan yadda suka shirya. Babu takarda, babu shaida. Shekara da shekaru ana haka, kuma duk zuwan da aminiyar za ta yi gari sai ta biyo da labarin akuya tare da ƙullin daddawa ko kuka. Akuyar nan na cikin abin da ya hana hanyar da ke tsakanin tsofaffin biyu mutuwa.

Zabin Hajiya ma da dabararsu. Zabuwa da damina take ƙwai, kuma ba ta iya kwanci da reno ba, don haka sai a kwashe ƙwan a sa wa kaza. Kaza ta saba ƙyanƙyashe nata cikin kwana 21, na zabo kuwa yakan kai kusan mako huɗu, amma sai ta daure ta kwanta. Na ga wata kaza tana yawo da samarin zabi da suka kusa fin ta girma, tana tona musu ƙasa tana kiransu. Abin da ke damun matan gidan shi ne annobar kaji da ke zuwa da sanyin hunturu, wadda kan share akurki cikin 'yan kwanaki. Matar abokina ta ce yanzu sukan haɗa kuɗi da maƙwabta su sayi rigakafi a kira ma'aikacin dabbobi, domin kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ta daɗe tana yin wannan rigakafin. Matsalar dai ita ce isowarsa hannun matar da ke da kaji goma a lungu, da sanyinsa, a kan lokaci.

Tattabaru su ne sarautar babban yaron, ɗan aji biyar na sakandare. A bayan ɗakin girki ya kafa musu gari. Ya jera tsofaffin tukwane da fasassun tuluna a jikin katanga, ya haɗa da akwatunan katako da ya roƙo wajen kafinta, kowane aure da ɗakinsa. Da asuba bayan ya dawo masallaci yakan watsa musu gero da dawa, ya canza ruwan kasko, sannan ya buɗe su. Su tashi gaba ɗaya, su yi ta kewaya saman unguwa, shi kuwa yana tsaye ya ɗaga kai, ya san kowace da kamanninta. Yaron nan ba mai yawan magana ba ne, gaisuwa ma a taƙaice yake yin ta. Amma da na tambaye shi yadda suke hayayyafa, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce ƙwai biyu suke yi, mace da namiji suna karɓa-karɓar kwanci, namiji da rana, mace da dare, cikin kwana 18 ko ƙasa da haka kaɗan su ƙyanƙyashe. Iyayen biyu ke ɗura wa 'ya'yan abinci daga maƙoshinsu. Kafin wata guda ɗan shila ya yi gashi ya isa yanka ko sayarwa. Ya nuna mini littafin da yake rubuta ranar da kowace ta yi ƙwai. Ubansa ya ce rabon da ya ga littafin lissafinsa na makaranta da tsabta haka, ya manta.

Harkar tattabara ba ta mutum ɗaya ba ce. Samarin unguwar da ke kiwonsu sun san juna, suna musayar maza don gyara iri, suna aron kasko da magani, suna kuma faɗa. Babban abin faɗan shi ne tattabarar wani ta bi garken wani ta sauka gidansa. A ƙa'idarsu, in ka san mai ita sai ka mayar, amma akan samu mai taurin kai da zai ce ai ita ta kawo kanta. Shirwa da shaho kuma suna nan suna jira a sama.

Ina gidan aka yi shari'ar da ta fi kowace armashi. Da safe aka tarar da gashin ɗan shila a bayan randa, mage kuma tana kwance a rana tana lasar hannu. Yaron ya fusata, ya rantse sai ya sa ta a buhu ya kai ta bayan gari. Autar ta fashe da kuka. Uwarsu ta rasa bayan wanda za ta bi, sai aka kai ƙara ɗakin Hajiya. Ta saurari kowa, sannan ta dubi jikan nata, wanda take kira maigida saboda wasan jika da kaka, ta ce, “Maigida, tun da magen nan ta zo gidan nan, ɓera ya taɓa huda maka buhun geron tattabarunka?” Ya yi shiru. Ta ce, “To ta karɓi ladanta. Kai kuma da ka bar tukunya ƙasa-ƙasa ba murfi, wa ka ajiye wa?” Ta tuna masa matar nan da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda ta tsare mage ba ci ba sha. Hukunci: mage na nan daram, za a ɗaga tukwane sama, za a sayo ragar waya, kuma Hajiya za ta biya rabin kuɗin daga ƙwan zabinta, tunda an ce magen tata ce. Aka tashi kowa na ganin shi ya yi nasara.

Na daɗe ina tunanin zaman nan. Cikin abin da bai fi rabin sa'a ba yaro ya ji cewa dukiyarsa tana da daraja har manya su zauna a kanta, ya ji kuma cewa sakacinsa nasa ne, kuma rai ko na mage ne ba a wulaƙanta shi. Ban san darasin makarantar da zai koyar da wannan a zama ɗaya ba.

Maza kuwa duniyarsu tana ƙofar gida. Bayan la'asar akan shimfiɗa tabarmi a gindin wata bishiya kusa da zauren, majalisa ta haɗu: malamin firamare, tela, wani mai sayar da kayan babur, wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi ritaya. Tun suna samari suke zama wurin. Dara ce sana'ar yamma. An tona gurabe talatin a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Sai an gama dasa su duka sannan a fara turawa gurbi ɗaya-ɗaya, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa guda. Mutum biyu ke wasan, amma mutum goma ke yin sa da baki. Tsohon ma'aikacin nan, da kowa ke ce wa Baba, ba ya ko ɗaga kai, sai dai in ya ci ya ce, “Yaro, je ka sha nono ka dawo.” Wanda ake ce wa yaron ya aurar da 'ya.

A tabarmar nan ake sanin wanda matarsa ta haihu, da wanda aka kwantar a asibiti, da wanda buhun masararsa ya ƙare. Nan take ake zagayawa da hula a haɗa abin da ya samu. Samari ba su cika zama ba, su gidan kallon ƙwallo ya ɗauke musu hankali, ana ta musun Arsenal da Barcelona, ko kuma kowa ya duƙufa kan wayarsa. Baba yana ganin dara za ta mutu da su. Ban yarda da shi duka ba, domin na ga yara biyu a gefe sun tona nasu guraben suna kwaikwayo.

Dokin da ke turke ma ashe na majalisa ne. Abokina da mutum biyu cikinsu suka haɗa kuɗi suka saye shi, akawali ne, baƙi wuluk, gidan abokina aka ɗaure shi don shi ke da fili. Ɗaya ke kawo harawa daga gonarsa, ɗaya dusa da dawa, abokina kuma kanwa da magani da ladan yaron da ke share barga. Doki ba ya kawo ko sisi, ci kawai yake yi. Matar abokina ta faɗa mini haka a gabansa, ta ce da kuɗin da dokin nan ke ci tumaki aka saya da yanzu sun cika gidan. Ya yi dariya ya ce, “Ranki ya daɗe, ranar hawa wa ke fara leƙowa ta zaure?” Ba ta musa ba.

A Daura son doki ba ya buƙatar dalili. Gari ne na hawa: ga hawan Sallah, ga Hawan Magajiya da ke biyo bayansa, ga kuma Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, wadda Daura ta yi suna da ita, lokacin da hakimai ke shigowa da dawakansu su yi wa Sarki jafi. Yaron da ya tashi yana ganin wannan, burinsa ya riƙe linzami. Shi kansa Buhari, a bayanin kadarorinsa da fadar shugaban ƙasa ta fitar a 2015, an lissafa shanu 270, tumaki 25, dawaki biyar da tsuntsaye iri-iri. Mutanen wasu wurare sun yi ta mamaki, har da masu ba'a. Ga Badauri kuwa wannan lissafin gidan dattijo ne kawai.

Ranar Juma'a da yamma aka ɗaura sirdi aka fita kilisa. Yaran gidan suka bi doki a guje har bayan gari, inda muka tarar da wasu mahayan sun riga mu. Aka ɗora autar a gaban sirdi aka zagaya da ita, ta dawo tana cewa ita ma in akuyarta ta haihu doki za ta saya. A hanyar dawowa muka haɗu da wasu mafarauta da karnukansu sirara masu dogayen ƙafafu. Kare dai a nan ba ya shiga ɗaki, aikinsa gadi da farauta, amma na lura kowane da sunansa, kuma mai shi ya san wanda ya ji ciwo a ƙafa.

Ban bar garin ban je Kusugu ba, kada a yi mini dariya. Rijiyar tana cikin gini yanzu, akwai mai kula da ita, baƙo yakan ja guga ya sha. Labarin kowa ya san shi: macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙon nan Bayajida da ya kashe shi, da aurensa da Daurama. Muka bi ta ƙofar fada, inda Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar ke sarauta tun 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar wanda ya hau a 1966. Abokina ya tuna mini cewa bayan jihadi gidan sarautar nan ya yi kusan shekara ɗari a waje, a wurare irin su Zango, kafin Turawa su dawo da Malam Musa Daura a farkon ƙarni na 20. Yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da Ɓaure. Yaron tattabaru da ya raka mu bai ce uffan ba duk tsawon bayanin, hankalinsa na kan wasu tattabaru da ke shawagi bisa katangar fada.

Lahadi muka tafi kasuwar Mai'aduwa, wadda ke kan hanyar Kongolam, bakin iyakar Nijar. Kasuwar dabbobi ce ta gaske. Shanu farare da jajaye, raƙuma, jakuna, raguna balami da uda da 'yankasa, ga dillalai suna ta kai da kawo tsakanin mai saye da mai sayarwa, ga manyan motoci ana lodin shanu zuwa Kudu. Hausar Damagaram da ta Daura da ta Kano duk a wuri ɗaya, naira da sefa suna canza hannu. Wani dillali ya ce mana kasuwar ta ji jiki lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa buɗe ta a 2024, sannan kuma gab da Babbar Sallar 2025 hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi, rago ya yi tsada. Shi ya sa abokina ya sayi nasa tun yana ƙarami yake turkawa. Shawarar da aka yanke a Yamai ko Abuja, a turken gidan talaka take sauka.

Mu dai ɓangaren tsuntsaye muka nufa. Yaron ya zo da 'yan shila huɗu a kwando, ya sayar, ya ƙara da abin da ya tara, ya tsaya gaban wani mai tattabaru. Ya ɗauki wata fara mai gashi har ƙafa, ya buɗe fikafikanta, ya duba ido da baki, ya hura gashin ƙirjinta ya ga fata. Aka yi ta ciniki, albarka, a ƙara, albarka. Ubansa ya matsa gefe ya ƙyale shi, ko da na yi nufin cika masa kuɗin sai ya ƙyafta mini ido. Yaron ya juya kamar zai tafi, mai tattabaru ya kira shi ya sallama. Da sauran canjin ya sayi ragar waya.

A hanyar komawa gari muka ratsa sababbin unguwanni. Daura ta faɗaɗa ƙwarai a 'yan shekarun nan, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga jami'ar sufuri, ga ma'aikata da ɗalibai da suka shigo. Gidajen da ake ginawa masu kyau ne, amma da yawansu an shafe tsakar gidan da siminti daga bango zuwa bango, an bar wa mota wuri, ba a bar wa akuya ba. Wani abokin abokina da muka leƙa gidansa ya ce shi ba ya son ƙazanta da wari. Yana da gaskiyarsa, kiwo cikin gida in ba shara da wanke-wanke cuta ne, kuma akuyar da aka saki tana cin shukar maƙwabci ta sha raba zumunci. Sai dai 'ya'yansa na gani a falo, kowa da waya, babu wanda ya san inda ƙanensa yake. A ganina an yi asara a cinikin nan.

Da zan tafi Hajiya ta sa aka kamo mini zabi biyu aka ɗaure musu ƙafa, ta ce na kai wa iyali. Na ce gidan haya nake, bene ne, ba ni da inda zan sa su. Ta ce, “To ku yanka ku ci, amma ka faɗa wa matarka na ce a nema wa yara ko da kaza ɗaya ce.” Saƙon nata nake miƙawa ga duk mai shirin aza harsashin gida, a Daura ne ko a wani gari: in an zo zuba siminti, a bar kusurwa ɗaya da ƙasarta. Wanda kuma ke son ganin abin da na gani, ya shirya tafiyarsa ta haɗa da Lahadi, domin ranar ce Mai'aduwa ke ci.